Keken Jidda da Marmaron Sarki Fahad

Duk wanda Allah ya nufa da sauke farali, ko kuwa ya je Umra, in har ya sami sukunin kwana ɗaya ko biyu a Jidda kafin jirginsa ya tashi, ya kuma fita daga masauki ya shiga gari neman 'yar tsarabar nan da ba a komawa gida sai da ita, to da wuya ƙwarai ya komo bai yi kiciɓis da wani abu tsaye a tsakiyar hanya ba, irin wanda mutum zai bi da kallo har wuyansa ya ƙage. Ni dai abin da ya fara tsayar mini da ido keke ne. Keke sosai, da ƙafafunsa biyu da sarƙa da sirdi, babu abin da ya raba shi da wanda malamin makarantar ƙauyenmu yake hawa, sai fa girma, gama tsayinsa ya kai mita 15, wato ya yi kafaɗa da bene mai hawa huɗu. Wani dattijo da muka haɗa kuɗin mota da shi, mutumin wajen Katsina, ya leƙa ta taga ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya dafa kafaɗar direba, wanda yake ɗaya daga cikin Hausawan nan haifaffun can da kakanninsu suka je da ƙafa ta hanyar Sudan, ya ce, "Ɗana, wannan kuma na wane ne?"

Direba ya yi dariya ya ce, "Baba Alhaji, ai ba na kowa ba ne, na gari ne. Nan ake ce wa Dawwar Darraja, wato shataletalen keke. In ka ɓace a Jidda ka ce a kawo ka nan, ko yaro ya san wurin."

Dattijo ya jinjina kai, ya ce, "Ikon Allah! To, wa zai hau?"

Muka yi dariya duka, amma da na natsu daga baya sai na ga cewa tambayar dattijon nan ba ta jahilci ba ce, domin ita ce tambayar da alƙalai da 'yan majalisa da jami'an kwastan suka yi ta maimaitawa a biranen Turai da Amurka yau kusan shekara 100 ke nan, tun ranar da masassaƙan zamani suka fara fito da ayyukansu gaban jama'a: wannan abu mene ne, da me ya yi kama, kuma mece ce fa'idarsa?

A da can, Bature in ya tashi ƙawata dandalin garinsa bai san wata hanya ba illa ya zuba tagulla ya fitar da surar sarki bisa doki, ko ta wani jarumi riƙe da takobi, a ɗora bisa dakali mai tsawo a rubuta sunansa a ƙasa, kowa ya gani ya gane ba sai an yi masa sharhi ba. Gwanin masassaƙi a lokacin shi ne wanda aikinsa ya fi kama da mai shi. Amma da na'urar ɗaukar hoto ta bayyana a 1839, ta zama tana fitar da kamannin mutum cikin ɗan lokaci fiye da yadda hannun kowane gwani zai iya, sai masu fasaha suka fara tambayar kansu ko akwai sauran amfani a kwaikwayon zahiri, ko kuwa gara su koma neman baɗinin abu, wato nauyinsa da motsinsa da yadda yake cika fili ko ya bar gurbi. Picasso, mutumin Sifaniya mazaunin Faris, ya shiga wani gidan ajiye kayan al'adu a 1907 ya ga fuskokin itace da masassaƙan Afirka suka yi, ya lura cewa ba su damu da kama ba amma aikinsu yana da kwarjinin da ba ya ga na Turawa, wannan kuwa yana cikin abubuwan da suka juya masa tunani. Daga nan aka ɗauki sabuwar hanya, ana rage gaɓoɓi ana goge kamanni, har aka kai inda abin ba ya kama da kome sai kansa.

Yadda jama'a suka karɓi wannan sabon salo, wata ƙissa ta isa misali. A 1926 wani masassaƙi mutumin Romaniya, Brancusi, ya aika da wani aikinsa na tagulla zuwa Niyok, siriri dogo mai sheƙi kamar tsinin mashi, ya sa masa suna tsuntsu a sararin sama. Dokar Amurka ta yafe haraji a kan kayan fasaha, amma jami'an kwastan suka juya abin nan suka duba, ba fiffike, ba baki, ba ƙafa, suka ce wannan ba tsuntsu ba ne, ƙarfe ne kawai da aka sarrafa, suka lissafa shi cikin jinsin kayan girki da na asibiti, suka aza masa harajin kashi 40 cikin ɗari na kuɗinsa. Magana ta kai gaban shari'a, aka kira shaidu ana tambayarsu ko sun ga tsuntsu a ciki, sai a 1928 kotu ta yanke hukunci cewa akwai wata sabuwar mazhaba a fasaha wadda ba ta nufin kwaikwayon halitta, kuma ko mutum ya yarda da ita ko bai yarda ba, samuwarta ba ta musantuwa.

Muddin irin waɗannan ayyuka suna cikin ɗaki, wanda ya so ya biya ya shiga, wanda bai so ba ya wuce, babu rigima mai yawa. Rigima ta tashi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka cika birane da dogayen benaye na gilashi da ƙarfe, kowanne da shimfiɗaɗɗen fili fayau a gabansa, aka rasa abin da za a sa a ciki, gama sarki bisa doki ba ya dacewa da gindin bene mai hawa 30. A Shikago, ranar 15 ga Agusta 1967, magajin gari Richard Daley ya yaye mayafi daga kan wani abu na ƙarfe mai tsayin mita 15 da nauyin da ya haura tan 140, wanda Picasso ya tsara ya ba birnin kyauta, ya ma ƙi karɓar dala 100,000 da aka miƙa masa, alhali bai taɓa taka garin ba. Jama'a suka yi tsit. Wasu suka ce kan mace ne, wasu suka ce kare, wasu suka ce gwaggon biri, har wani ɗan majalisar birni ya kawo shawara a tumɓuke shi a kafa surar wani ɗan wasan ƙwallo a madadinsa. Abin da ya cece shi ba hujjar masana ba ce, yara ne, domin sun tarar gindinsa a karkace yake kuma da santsi, suka mai da shi wurin zamiya, iyaye suka zauna jiransu, sannu a hankali ya zama mahaɗar mutanen gari.

Wani aiki kuwa a Niyok bai sami wannan sa'a ba. A 1981 Richard Serra ya kafa wani bangon ƙarfe mai ɗan lanƙwasa, tsawonsa kusan mita 37, tsayinsa ya kusa mita 4, ya ratsa tsakiyar filin da ke gaban wani babban ofishin gwamnati, ta yadda ma'aikacin da ya fito cin abincin rana tilas ya kewaye shi. Ma'aikata kimanin 1,300 suka sa hannu a takardar koke. Da aka zauna sauraron ra'ayi a 1985, mutum 122 suka ce a bar shi, 58 suka ce a kawar, amma galibin masu cewa a bari masu fasaha ne da masanan da ba a nan suke wuni ba, masu cewa a kawar kuwa su ne suke cin karo da shi safe da yamma. Shi Serra ya kafe a kan cewa don wannan fili ya yi shi, ɗauke shi daga nan daidai yake da hallaka shi. A wani dare cikin Maris 1989 aka yanka shi gida uku aka kwashe. Ni a ganina, ko da yake na san masana da yawa ba za su yarda da ni ba, mai aikin ya manta da wani abu da kowane mai unguwa ya sani, wato hanyar da jama'a suka saba bi tana da hakki, ba a toshe ta don burge wanda ba ya bin ta.

To, yaya aka yi wannan salo, wanda ya sha wuya haka a ƙasashen da aka haife shi, ya zo ya sami masauki a ƙofar Makka?

Jidda tsohon gari ne, tun zamanin Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah ya yarda da shi, aka mai da ita tashar jiragen ruwan Makka, ta kuma zauna ƙarnuka cikin ganuwarta, ƙarama matsattsiya, har 1947 da aka rushe ganuwar. Da kuɗin man fetur ya ninka bayan 1973, sai garin ya yi ta miƙewa arewa bisa gaɓar Bahar Maliya, ana shimfiɗa tituna masu faɗi cikin rairayi tun kafin a gina gidajen da za su zauna a bakinsu. A daidai wannan lokaci ne, daga 1972 zuwa 1986, ragamar birnin take hannun Muhammad Sa'id Farsi, haifaffen Makka wanda ya karanci ilmin tsara gine-gine a Iskandariyya ta Masar, shi ne kuwa ya ƙudurta cewa ba za a bar waɗannan shataletale da filaye tsirara ba. Ya nemi attajirai da 'yan kwangilar da suke cin arzikin garin su sa hannu a aljihu, aka sayo ayyukan manyan masassaƙan duniya, su Henry Moore na Ingila da Joan Miró na Sifaniya da Alexander Calder na Amurka da Jean Arp da Victor Vasarely, aka kuma ba masu fasahar Saudiyya da na sauran ƙasashen Larabawa aiki, har abin da aka kafa ya haura guda 400.

A nan ne mas'alar take da daɗin nazari ga Musulmi. Sananne ne cewa Shari'a ta tsananta a kan sura, malaman mazhabarmu ta Malikiyya kuwa sun yi tafsili a ciki, suka ce wadda babu saɓani a kan haramcinta ita ce wadda ta tara sharuɗɗa, wato ta zama surar abu mai rai, mutum ko dabba, ta zama mai jiki da inuwa, ta kuma zama cikakkiya ba ta rasa wata gaɓa da rayuwa ba ta yiwuwa sai da ita ba; amma surar itace ko jirgi ko dutse ba su ga laifinta ba, an ma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai wannan sana'a da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman Hambaliyya, waɗanda fatawarsu ake bi a Saudiyya, sun fi haka tsanantawa. Saboda haka sarki bisa doki ba shi da wurin tsayawa a Jidda ko da an so. Sai ga shi Turawa, bisa wasu dalilai nasu da ba su da alaƙa da fiƙihu ko kaɗan, sun baro kwaikwayon halitta sun taho ga zallar siffa da lissafi da daidaito, wato inda magina da marubutan Musulmi suka daɗe da zama tun zamanin Andalus. Matafiya biyu ke nan, ɗaya ya fito daga gabas ɗaya daga yamma, kowa da abin da ya koro shi, suka haɗu a zango ɗaya. Ba na cewa duk abin da aka kafa ya kuɓuta daga magana, gama akwai wani aikin Moore da asalinsa surar mutum ce a kishingiɗe, sai dai an raba ta gida uku, ta yadda wanda bai karanta sunan ba zai ɗauka duwatsu ne da ruwa ya zaizaye. Hukuncin irin wannan kuwa na bar wa ma'abotansa.

Amma wanda ya fi kowa barin alama a garin ba ya cikin waɗancan mashahuran. Julio Lafuente ne, wani mai tsara gine-gine haifaffen Madrid wanda ya yi yawancin aikinsa a Rum, shi ne mai keken nan. Shi ne kuma ya yi manyan fitilu irin na masallatan Misira na zamanin Mamluk, da wani jirgin ruwa wanda jikinsa duka haruffan wata ayar Alƙur'ani ne aka lanƙwasa, da wani ƙaton dunƙulen kankare da motoci na gaske suka nutse a cikinsa ta kowane gefe, gargaɗi ga masu gudun ganganci wanda ba ya bukatar tafinta.

Wanda ya fi taɓa ni cikin ayyukansa shi ne Kindasa. Jidda gari ne da ƙishirwa ta daɗe tana azabtarwa, ga teku a gaba amma ba na sha ba, mutane suna dogara da ruwan sama da suke tarawa a rijiyoyin ƙasa, da abin da 'yan garuwa suke kawowa. A 1907 hukumar Turkawa ta kafa wani inji mai aiki da gawayin kwal, yana dafa ruwan teku ya kama tururin ya mai da shi ruwan daɗi, mutanen gari suka karkatar da sunansa na Turanci suka ce Kindasa. Sai a 1947 aka jawo ruwan Ainul Aziziyya daga Wadi Fatima, aka sami sauƙi. Tsofaffin tukwane da bututan injin nan suka zama juji suna cin tsatsa, har Lafuente ya tattara su ya harhaɗa ya tsayar a bainar jama'a. Baƙo zai gan su ya ce tarkacen ƙarfe ne irin na Turawan zamani, tsohon Bajidde kuwa zai gan su ya tuna ranar da aka aike shi da tulu.

Sai dai kuma tilas a faɗi aibin da ke cikin tsarin. Shataletale ba dandali ba ne. Dandali wurin da ƙafa take kai mutum ne, ya zauna, ya taɓa, ya kewaya. Shataletale kuwa tsibiri ne a tsakiyar kogin motoci, mai son ya matsa kusa sai ya sayar da ransa. Aikin da mai shi ya shafe watanni yana gyara lanƙwasarsa domin a duba a tsanake, sai ya zama ana ganinsa cikin ƙiftawar ido ta tagar mota. Abin da ya biyo baya shi ne, waɗanda suke da suna a bakin jama'a, kamar keke da jirgi da fitila, suka zama alamun kwatance, suka shiga maganar yau da kullum, waɗanda ba su kama da kome kuwa, duk da tsadarsu, aka bar su da iskar teku, gishiri yana cin tagulla, rana tana ƙone fenti, masu rubutu a bango suna yin nasu. Sai bayan 2011 aka tashi gyara, da haɗin gwiwar hukumar birni da gidauniyar iyalan Abdullatif Jamil, aka wanke aka goge, aka tattara kimanin guda 20 a wani lambu a unguwar Hamra a bakin teku, inda mutum zai iya takawa ya je gare su. Keke kuwa bai bukaci a kai shi lambu ba.

Shi ruwa sha'aninsa dabam ne, domin ban taɓa jin garin da aka kai ƙarar marmaro gaban alƙali a kan bai yi kama da kome ba. Musulmi sun daɗe da sanin ruwan dandali, amma ta fuskar sadaka mai gudana: Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta kashe dukiya mai yawa ta jawo ruwa zuwa Makka domin alhazai, a Alƙahira kuma har yau ana ganin gine-ginen sabil, irin wanda Abdurrahman Katkhuda ya yi wakafinsa a 1744, ƙasa wurin shayar da masu wucewa, sama makarantar allo. Marmaron zamani kuwa ba don sha aka yi shi ba, don ido ne, wani fitacce cikin irinsa ma asalinsa abin dariya ne. A birnin Janeba na Suwizalan, a 1886, akwai wata tashar da take tura ruwa da ƙarfi zuwa injinan masu sana'a, in magariba ta yi suka rufe injinansu sai ƙarfin ruwan ya taru ya nemi fasa bututu, don haka aka yi masa mafita yana feshi sama kamar mita 30. Mutane suka riƙa taruwa kallo, hukuma ta ga abin nema ya samu, a 1891 ta mai da shi cikin tafki ya zama abin ado, yau yana tashi mita 140.

Shi ne aka yi koyi da shi a Jidda, aka kuma wuce shi nesa. Marmaron Sarki Fahad, wanda aka buɗe a 1985, yana cikin teku kaɗan daga gaɓa, an yi gindinsa da siffar kaskon turaren wuta irin wanda Larabawa suke zagayawa da shi a gaban baƙi, ruwan kuwa shi ne a matsayin hayaƙin. Wannan isti'ara ce da kowane mai gida a ƙasar zai gane ba tare da an buɗe baki ba. Injina suna tura ruwan ya fita daga bakin bututu da gudun kilomita 375 a sa'a guda, ya tashi mita 260, har akan ce yana kaiwa 312 in iska ta kwanta, nauyin ruwan da yake rataye a sama a kowane lokaci kuwa ya haura tan 16, da dare kuma fitilu fiye da 500 suke haska shi. Babu marmaro irinsa da ya kai shi tsawo a duniya. Wahalarsa ita ce ruwan teku ne, mai gishiri da yashi, sai an tace shi kafin ya shiga inji, sai kuma an yi ta yaƙi da tsatsa ba hutu. Wannan kuwa shi ne amsar da ake ba mai cewa israfi ne, wato ko ɗigo ɗaya na ruwan sha ba ya ciki, daga teku ya fito, teku yake komawa. Ko da yake wutar lantarkin da yake ci ba daga teku take fitowa kyauta ba, wannan kuma magana ce da ba a cika son tayar da ita ba.

Da yammacin ranar nan direbanmu ya ce ba zai mai da mu masauki ba sai mun ga ruwan. Muka yi sallar magariba a wani ƙaramin masallaci a bakin teku, muka fito muka tarar iyalai sun shimfiɗa dardumai bisa dakali, ga butocin shayi, ga yara suna guje-guje, ga masu kamun kifi da ƙugiya sun jeru. Can cikin teku wani farin ginshiƙi ya miƙe har sai ka ɗaga haɓa, samansa iska ta kwantar da shi gefe ɗaya kamar jelar rawani. Dattijon nan ya tambaya ko ana sha, direba ya ce, "A'a, Baba Alhaji, na gishiri ne." Ya ce, "To, madalla," ya cire takalmansa ya aza ɗaya bisa ɗaya, ya zauna a kai, ya ciro casbaha. Direba ya duba agogo sau biyu, ya dube ni, na yi masa alama ya ƙyale shi. Ba mu tashi daga wurin ba sai da aka kira isha'i.